Rayuwa bayan dashen ƙoda da fankiriyas

A yankin Kudan da Makarfi da Ikara na arewacin jihar Kaduna, inda rake ke cikin manyan abubuwan da ake nomawa, ba wuya a ji an ce wane ya kamu da ciwon suga ne saboda yawan shan zaƙi.

To amma akwai nau'in ciwon suga da babu ruwansa da shan rake ko mazarƙwaila. Yakan kama yaro tun yana makarantar allo ko firamare, ya tilasta masa yin allurar insulin kullum, kuma bayan shekara 15 zuwa 20 yana iya lalata masa ƙoda, musamman idan ba a samu shawo kan sugan yadda ya kamata ba.

Ga irin wannan majinyaci, likitoci a ƙasashen da ke da hali sukan ba da shawarar a dasa masa ƙoda da fankiriyas a tiyata ɗaya. Idan aka dace, sai ya rabu da wankin ƙoda da allurar insulin a lokaci guda.

Iyalai da dama kan ɗauka cewa ranar da aka fito da majinyaci daga ɗakin tiyata ita ce ƙarshen wahala. A wajen likitocin dashe kuwa, watannin da ke biyo baya su ne ke nuna ko kuɗin da aka kashe zai yi amfani, ko kuma zai bi ruwa.

Mene ne fankiriyas?

Fankiriyas wata doguwar tsoka ce mai taushi da ke kwance a bayan tumbi. Mutane da yawa kan rikita ta da saifa, alhali kowacce da aikinta. Fankiriyas na fitar da ruwan da ke narkar da abinci a cikin hanji, sannan tana samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsokar jiki.

A nau'in ciwon suga na ɗaya, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Masu wannan nau'i ne aka fi yi wa dashen gaɓoɓin biyu. Akasarin masu ciwon suga a Najeriya suna da nau'i na biyu ne, wanda ya fi kama manya, kuma kaɗan ne daga cikinsu wannan tiyata ta dace da su.

Ba a cire tsofaffin gaɓoɓin majinyaci. Ana barin ƙodojinsa biyu da fankiriyas ɗinsa a inda suke. Sabuwar ƙoda yawanci ana sanya ta a ƙasan ciki ta hagu, fankiriyas kuma ta dama, tare da ɗan guntun hanjin wanda ya bayar, wanda ake ɗinke shi da ƙaramin hanjin majinyaci domin ruwan narkar da abinci ya samu hanyar fita. A da an fi haɗa shi da mafitsara, amma yawancin asibitoci sun koma haɗawa da hanji.

Daga Minnesota zuwa Kano

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne a birnin Boston na Amurka a watan Disamban 1954, inda Dokta Joseph Murray ya dasa wa wani matashi ƙodar ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye. A watan Disamban 1966 kuma, William Kelly da Richard Lillehei na Jami'ar Minnesota suka dasa wa wata mata mai ciwon suga ƙoda da fankiriyas tare. Ba ta daɗe ba ta rasu, kuma haka sakamakon ya ci gaba da zama maras daɗi har zuwa shekarun 1980, lokacin da aka fara amfani da maganin cyclosporine.

A yau alƙaluman Amurka da Birtaniya na nuna cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna raye bayan shekara ɗaya, kuma a kusan kashi 85 zuwa 90 fankiriyas ɗin na ci gaba da aiki.

A Najeriya, an yi dashen ƙoda na farko a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002, kuma shi ne wurin da mutumin Hunkuyi ko Likoro zai fara tunani idan maganar dashe ta taso.

Sai dai dashen fankiriyas bai zama aikin da asibitocin Najeriya ke yi ba. Dalili kuwa ba ƙarancin ƙwararrun hannu kaɗai ba ne. Mutum na da ƙoda biyu, don haka ɗan'uwa zai iya ba da ɗaya ya rayu da ɗaya. Fankiriyas kuwa ɗaya ce. Ko da yake an taɓa yanko rabi daga mai rai, kamar yadda aka fara a Minnesota a 1979, wannan abu ne da ba a cika yi ba. Kusan kullum daga jikin mamaci ake samun ta, kuma an fi so a dasa ta kafin a cika sa'a 12 da cirewa. Najeriya ba ta da tsayayyen tsari na karɓar gaɓoɓin mamata.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince a zamanta na birnin Amman a 1986 cewa mutuwar ƙwaƙwalwa baki ɗaya mutuwa ce, idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar. A zamanta na Jidda a 1988 kuma ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci, bisa sharaɗin izininsa kafin rasuwa ko izinin magadansa, tare da haramta saye da sayarwa. Akwai malaman da ba su gamsu ba, musamman kan batun mutuwar ƙwaƙwalwa. Ga kuma al'adar gaggauta jana'iza, wadda ba ta barin sarari ga irin wannan magana a ƙofar ɗakin jinya.

Fita waje ma ba ta da sauƙi kamar yadda dillalan asibitoci kan nuna. Ana yin aikin a Afirka ta Kudu da Saudiyya da Indiya da ƙasashen Turai da Amurka, amma gaɓoɓin mamata 'yan ƙasa da mazauna ake fara bai wa. Saboda haka ɗan arewar da zai samu dashen gaɓoɓin biyu, galibi wanda ke zaune a can ne, ya dawo gida daga baya. Ga wanda ke zaune a Kudan, abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙodar ɗan'uwa, ya ci gaba da allurar insulin. Mafi yawan abin da za a faɗa a nan game da jinya ya shafi su biyun.

Makon farko

Tiyatar kan ɗauki sa'o'i da dama, kuma majinyaci kan farfaɗo ne a ɗakin kula da masu tsananin rashin lafiya. Zai tarar da roba a mafitsararsa, da wata a wuyansa ta ƙarin ruwa da magani, da wasu a gefen ciki masu zuƙe ruwan da ke taruwa, wani lokaci har da wadda aka zura ta hanci zuwa tumbi.

Abin da kan fi ba iyali mamaki shi ne saurin da suga ke sauka. A cikin sa'o'i kaɗan, mutumin da ya shekara 20 yana huda jikinsa da allura sai a ga sugansa ya daidaita ba tare da insulin ba. Ƙodar kuwa wani lokaci takan yi nawa, har a ci gaba da wankin ƙoda na 'yan kwanaki kafin ta farka. Wannan ba ya nufin aikin ya lalace.

Babban abin da likitoci ke tsoro a kwanakin farko shi ne jini ya daskare a jijiyoyin sabuwar fankiriyas, domin jini ba ya gudu da ƙarfi a cikinta kamar yadda yake yi a ƙoda. Idan haka ta faru, sau da yawa ba a iya ceto ta, sai dai a koma a cire. Shi ya sa ake ba da magungunan tsinka jini, waɗanda su kuma ke iya jawo zubar jini, sai likita ya riƙa auna tsakani. Akwai kuma kumburin fankiriyas ɗin, da yoyo a wurin da aka ɗinke hanji. Komawa ɗakin tiyata karo na biyu ya fi faruwa a wannan aiki fiye da dashen ƙoda kaɗai.

Duk da haka ba a barin majinyaci ya yi ta kwanciya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ake tayar da shi zaune, a sa shi ya taka, ya yi numfashi mai zurfi ya yi tari, don kada huhu ya cika da majina. Idan babu tangarɗa, akan sallame shi bayan mako biyu zuwa uku.

Akwai wata 'yar siririyar roba da ake bari a ciki, tsakanin sabuwar ƙoda da mafitsara, wadda ake cirewa bayan 'yan makonni. Ba a ganin ta daga waje, don haka wanda aka yi wa aiki a wata ƙasa ya yi gaggawar dawowa gida zai iya mantawa da ita. Idan ta daɗe takan tara tsakuwa da ƙwayoyin cuta.

Maganin da ba a dainawa

Garkuwar jiki ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san kyauta ba. Duk gaɓar da ba tata ba, baƙo ne da za ta yaƙa. Don haka wanda aka yi wa dashe zai sha magungunan danne garkuwar jiki muddin gaɓar na jikinsa.

Yawanci uku ne: tacrolimus, da mycophenolate, da prednisolone. A watannin farko ana ƙara wasu na kariya, kamar Septrin da valganciclovir, saboda cututtukan da ke samun dama idan garkuwa ta yi rauni.

Tacrolimus ne ginshiƙi, shi ne kuma mafi wuyar sha'ani. Nau'insa da aka fi sani ana shan sa ne sau biyu a rana, sa'a 12 tsakani. Idan ya yi kaɗan a jini, jiki zai far wa gaɓar. Idan ya yi yawa, shi da kansa zai cutar da ƙodar da ake ƙoƙarin karewa, ya sa hannu rawa, ya hau da jini, har ma ya tayar da suga. Tazarar da ke tsakanin ƙaranci da yawa ba ta da faɗi, kuma ba a gane ta da ido. Sai an ɗebi jini da safe kafin a sha ƙwayar, a auna.

Abubuwa da yawa na iya jirkita ma'aunin. Gudawa na sa maganin ya yi yawa a jini. Lemon garehul ma haka. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su erythromycin da clarithromycin, waɗanda ake sayarwa a kowane kemis, suna ɗaga shi. Rifampicin kuwa, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana rage shi sosai, ta yadda majinyaci zai iya rasa gaɓarsa yana tsakiyar shan maganinsa a kan lokaci. A ƙasar da ke cikin waɗanda tarin fuka ya fi yawa a duniya, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Dole likitan tarin fuka da likitan ƙoda su yi magana da juna kafin a fara.

Ko canza kamfanin da ya yi ƙwayar ba a so a yi shi ba tare da sake gwaji ba. Ga matsalar jabun magunguna a kasuwa, ga kuma zafin bazara, wanda ke lalata maganin da aka bari a mota ko a ɗakin kwano.

Prednisolone na buɗe ciki, yana kumbura fuska, yana ƙara ƙiba. Dangin ƙwayoyin nan ne da wasu ke sha domin su yi jiki. Masu zuwa dubiya kan ga kumatu sun cika su yi murna, alhali ƙibar da ta wuce kima na iya dawo da ciwon suga ta wata ƙofar.

Komawa gida

A makonnin farko bayan sallama, ana son ganin majinyaci a asibiti sau biyu ko uku a mako. Daga nan a koma mako-mako, sai wata-wata, har a kai ga sau ɗaya a wata uku ko fiye.

A nan ne zama a karkara ke nuna tsadarsa. Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ba ta da nisa da Zariya, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin ƙoda. To amma auna tacrolimus ba gwajin da ake samu a asibitin ƙauye ba ne, kuma sakamakon da ya iso bayan mako guda amfaninsa kaɗan ne. Abin da ya fi dacewa shi ne iyali su tanadi masauki kusa da asibitin da aka yi aikin na aƙalla wata uku, su sa kuɗinsa a lissafi tun farko.

Sai kuma batun dubiya. Gaida maras lafiya sunna ce, kuma babu mai son a ce ya rufe ƙofa ga dangi. Sai dai ɗakin da ya cika da mutum 20, wani na tari, wani na goye da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, haɗari ne ga wanda aka danne garkuwarsa da gangan. A watannin farko, lokacin da magungunan suka fi ƙarfi, gara a samu dattijo ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin yi wa jama'a bayani, a tsaya daga ƙofa a yi addu'a, a rage musabaha. Idan maganar ta fito daga bakin babba, ba mai jin haushi.

Masu dubiya kan zo da shawarwari, wasu har da jiƙo da saiwoyi. Babu wanda ya san abin da ke cikin gorar jiƙo, kuma babu wanda ya auna yadda zai haɗu da tacrolimus. Haka nan allurar ciwon jiki da mai kemis ke yi: diclofenac da ibuprofen da gentamicin duk suna iya cutar da ƙoda, kuma wanda aka yi wa dashe da ƙoda ɗaya tak yake aiki.

Zazzaɓi shi ne babban tarko. A Kudan, kamar ko'ina a arewa, duk zafin jiki sunansa maleriya. Ga wanda aka yi wa dashe, zafin da ya kai digiri 38 na iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana iya zama ciwon mafitsara da ya hau ƙoda, ko ruwa da ya taru a ciki, ko tarin fuka, ko kuma jiki ne ya fara ƙin gaɓar. Ba a jira a ga ko zai sauka da safe. Gidan sauro kuwa ya zama dole, damina da rani.

Gona da abinci

Ɗinkin ciki na buƙatar aƙalla mako shida zuwa takwas kafin a ɗauki wani abu mai nauyi. Ɗamin rake ko kwandon tumatir sai bayan haka da yawa, kuma da izinin likita. Hawan babur a kan hanya mai gargada ma sai an jinkirta. Masu aikin ofis kan koma bayan kimanin wata uku.

Manomi na da ƙarin abin lura. Ruɓaɓɓiyar ciyawa da harawa da takin gida na ɗauke da ƙwayoyin funfuna da ke iya kama huhu. Kashin tattabaru na ɗauke da wata da ke iya hawa ƙwaƙwalwa, don haka sharar akurki da ɗakin tattabaru sai a bar wa wani. Ruwan fadama da ake noman rani da shi na iya ɗauke da tsargiya, kuma akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa, wadda ke yaɗuwa cikin jiki idan garkuwa ta yi rauni. Ba a ce mutum ya bar gonarsa har abada ba. Takalmin roba mai tsawo da safar hannu da abin rufe hanci sun zama kayan aiki kamar fartanya.

Ta wajen abinci kuwa labarin na da daɗi. Wanda ya shekara da shekaru ana ƙayyade masa ruwan sha saboda wankin ƙoda, yanzu cewa ake yi ya sha lita biyu zuwa uku a rana. Amma ruwan ya zama tafasasshe ko mai tsabta. Nonon da ba a dafa ba na iya ɗauke da cututtukan shanu, don haka furar tasha sai a haƙura, a dama a gida da madarar da aka tafasa. Tsire da balangun da suka yini a tire, da latas ɗin da aka wanke da ruwan rafi, su ma haka.

Rake fa? Idan sabuwar fankiriyas na aiki, gaɓa ɗaya ko biyu ba za ta tayar da suga ba. Abin dubawa shi ne hannun da ya fere shi da ruwan da aka yayyafa masa. Wanda ƙoda kaɗai aka dasa wa kuwa, ciwon sugansa na nan, kuma magungunan dashe kan sa ya ƙara buƙatar insulin.

Idan jiki ya ƙi baƙo

Sau da yawa ƙin gaɓa ba ya zuwa da ciwo. Mutum na jin garau, gwajin jini ne ke nuna cewa sinadarin creatinine ya fara hawa, alamar ƙoda na cikin matsi. Ga fankiriyas kuma ana duba amylase da lipase.

Akwai wata fa'ida a dasa gaɓoɓin biyu daga mutum ɗaya: ƙoda kan zama kamar mai gadi, domin takan nuna alama da wuri, sai a yi magani kafin fankiriyas ta lalace. Hawan suga kuwa alama ce da ke zuwa a makare, bayan ɓarna ta yi nisa. Idan ana shakka, akan zura allura a ɗebo ɗan ƙanƙanin naman gaɓar a duba.

Idan aka gano da wuri, yawanci ana shawo kansa da allurai masu ƙarfi na 'yan kwanaki. Raguwar fitsari, kumburin ƙafa, ciwo a kan gaɓar, amai da ya hana ƙwaya zama a ciki, duk dalilai ne na tafiya asibiti a ranar.

Salla, azumi da aikin Hajji

Ruku'u da sujada kan yi wuya a makonnin farko, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa maras lafiya na iya salla a zaune ko a kwance gwargwadon iyawarsa. Haka nan shafa a kan bandeji ya halatta idan ruwa zai cutar da rauni.

Azumi ya fi buƙatar natsuwa. Shawarar da likitocin dashe a ƙasashen Musulmi suka fi bayarwa ita ce kada a yi azumi a shekarar farko. Bayan haka, binciken da aka yi kan waɗanda aka dasa wa ƙoda ya nuna cewa masu ƙoda mai aiki sosai da dama na iya yi ba tare da illa ba, bisa kulawar likita. Amma yinin azumi a arewacin Najeriya ya kai sa'a 13 zuwa 14, wato ya zarce tazarar sa'a 12 ta tacrolimus, don haka sai an sake tsara lokacin sha ko an koma nau'in da ake sha sau ɗaya a rana. Idan Ramadan ya faɗo a bazara, ƙishirwa na iya saukar da jini, ta matsa wa ƙoda. Masu daɗaɗɗen ciwon suga dama sukan yi fama da jiri idan sun miƙe tsaye. Rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya ya shafi irin wannan hali, kuma malamin da aka yi wa cikakken bayani zai faɗi ko ramuwa ce ko ciyarwa.

Mai niyyar Hajji ko Umara kuma ya sani cewa rigakafin cutar shawara, wadda ake neman shaidarta daga maniyyatan Najeriya, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma ba a yi wa wanda aka danne garkuwarsa. Ana yin ta ne kafin dashe, ko a nemi takardar uzuri daga likita. Ta sanƙarau ba ta da wannan matsala.

Abin da dashen ba ya gyarawa

Sabuwar fankiriyas na iya tsayar da ɓarnar ciwon suga, amma ba ta mayar da idon da ya riga ya mutu. Jijiyoyin ƙafa da suka daina jin zafi kan daɗe ba su farfaɗo ba, don haka ƙayar da aka taka ba a ji ba na iya zama gyambo. Ciwon zuciya na nan a matsayin babban abin da ke kashe waɗanda aka yi wa dashe, sannan danne garkuwa na tsawon shekaru na ƙara haɗarin wasu nau'o'in sankara, ciki har da ta fata da ake kira Kaposi, wadda aka fi gani a Afirka.

Mata da dama kan ga al'adarsu ta dawo bayan dashe, kuma haihuwa na yiwuwa. Ana shawartar a jira aƙalla shekara ɗaya. Mycophenolate na jawo ɓari da nakasa ga jariri, saboda haka sai an musanya shi da wani, yawanci azathioprine, makonni kafin a ɗauki ciki. Wannan magana ce da ya kamata miji ya ji daga bakin likita da kunnensa.

Lissafin kuɗi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin gaɓoɓin ɗan Adam a Najeriya. Hukuncin ɗaurin shekara tara da wata takwas da wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu a 2023, kan kai wani matashi Birtaniya domin a cire ƙodarsa, ya nuna inda neman gajeriyar hanya ke iya kai mutum.

Amma ko an bi halattacciyar hanya, akwai ramin da iyalai ke yawan faɗawa. A sayar da gona, a sayar da shanu, a yi gidauniya a masallaci da rediyo, a tara kuɗin tiyata cif-cif. Jama'a na son taimaka wa abin da ke da rana da ƙarshe. Kuɗin magani na kowane wata, wanda ba shi da ƙarshe, ba ya samun mai tara masa. Kuma da yake daga waje ake shigo da magungunan, duk faɗuwar naira, kamar wadda aka gani daga 2023, kan faɗa kai tsaye a kan majinyaci.

Abin da kan biyo baya sananne ne ga likitocin ƙoda. Majinyaci ya fara shan ƙwaya ɗaya a maimakon biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Ba ya jin komai, sai ya ɗauka dabarar ta yi. Ya tsallake gwaji ɗaya saboda kuɗin mota. Kafin ƙafa ta kumbura, garkuwar jiki ta riga ta ƙera makaman yaƙar gaɓar, kuma irin wannan ɓarna ba kasafai ake iya juya ta ba.

Daga nan sai komawa kan injin wankin ƙoda a Shika ko Kano, sau biyu ko uku a mako. Dashe na biyu kuma ya fi na farko wuya, domin jinin da ya taɓa yaƙar gaɓa ɗaya yakan ƙi da yawa daga cikin waɗanda za a gwada masa, ko da daga 'yan ɗaki ɗaya suka fito.